Yanke Ƙauna da Haƙƙin Zamantakewa a Gajerun Labaran Anton Cekof

Gabatarwa

Tun Anton Cekof yana raye matarkan adabin Rasha suka liƙa masa laƙabin marubucin da ya yanke ƙauna daga ɗan Adam, kuma laƙabin ya bi shi har bayan rasuwarsa a 1904, duk da cewa shi kansa bai taɓa amincewa da shi ba. Yanke ƙauna, a yadda wannan maƙala ta ɗauke shi, ya wuce baƙin cikin da kan sami mutum ya kwana biyu ya gushe, domin matsayi ne da mutum kan tsaya a kai cewa wahala ita ce tushen rayuwa, cewa duk ƙoƙarin gyara ɓata lokaci ne, kuma mai hankali shi ne wanda ya naɗe hannu ya zuba ido. Haƙƙin zamantakewa kuwa shi ne nauyin da ya rataya a wuyan mutum game da waɗanda zama ya haɗa su, kamar nauyin majinyaci a kan likita, ko na yaron gida a kan ubangidansa, ko na mai kuka a kan wanda kukan ya shiga kunnensa.

Maƙalar ta tsaya a kan cewa Cekof ya ɗauki yanke ƙauna a matsayin halin da ake dubawa kamar yadda likita ke duba cuta, yana bin asalinsa da irin mutanen da yake kamawa da ɓarnar da yake jawo wa na kusa da su, kuma ya fi tsananta bincikensa idan halin ya bayyana a wurin masu ilimi da wadata, saboda a hannunsu ne yakan zama mafakar gudun nauyi. Wannan matsayi bai kore hujjar masu zarginsa baki ɗaya ba, kamar yadda za a gani a labarinsa na 1900.

Zamaninsa da zargin da aka yi masa

An haifi Cekof a 1860 a Taganrog, garin da ke gaɓar tekun Azof a kudancin Rasha, shekara guda kafin sarki Alekzanda na Biyu ya 'yanta bayin gona, wato manoman da ke ɗaure da ƙasar iyayengijinsu ana gadonsu ana sayar da su. Kakansa na cikin irin waɗannan bayi, ya fanshi kansa da iyalinsa a 1841, mahaifinsa kuma ɗan tireda ne da ya karye a 1876 ya gudu Mosko saboda masu bin bashi. Cekof ya gama karatun likita a Jami'ar Mosko a 1884, bayan ya shafe shekarun ɗalibta yana ciyar da gidansu da gajerun labaran ban dariya da yake sayar wa mujallu. Yawancin shekarun farko na rubutunsa su ne suka biyo bayan kisan Alekzanda na Biyu a 1881, lokacin da gwamnatin ɗansa ta matsa wa jaridu da jami'o'i, 'yan boko da yawa da suka yi mafarkin sauya ƙasar suka koma gida guiwa a sanyaye. A 1881 ɗin ce aka buga fassarar Rashanci ta babban littafin Shofenhawa, masanin falsafar Jamus da ya koyar da cewa rayuwa muradi ce marar ƙoshi wadda ƙarshenta ɓacin rai, kuma koyarwar ta sami karɓuwa sosai a tsakanin waɗanda siyasa ta ba su kunya.

Zargin da aka yi wa Cekof iri biyu ne. Nikolai Mihailofski, jagoran matarkan da ke ganin aikin adabi shi ne yi wa talakan karkara hidima, ya rubuta a 1890 cewa Cekof ba shi da aƙidar da yake karewa, yana kallon komai da sanyin jini ɗaya ba ya bambanta babba da ƙarami. Lef Shestof kuma, a wani sharhi da ya fito a 1905, ya zurfafa zargin, ya ce aikin da Cekof ya yi tsawon kusan shekara 25 shi ne kashe duk wani fata da ɗan Adam ya riƙe. Amsar Cekof ga irin zargi na farko tana cikin wasiƙunsa ga Aleksei Suvorin, mai jaridar da ta daɗe tana buga shi: a Oktoban 1888 ya bambanta warware matsala da gabatar da ita daidai, ya ce na biyun ne kaɗai wajibin marubuci, a 1890 kuma ya ce idan ya rubuta labarin ɓarayin dawaki ba sai ya tunatar da kowa cewa sata laifi ce ba, hukunci na masu karatu ne. Mai nazarin da ya saba da adabin gargaɗi, inda labari ke rufewa da sakayya, yana iya ɗaukar wannan a matsayin zamewa, amma dubawa cikin labaran kan nuna cewa hukuncin yana nan, a cikin zubi da tsarinsu aka ajiye shi.

Labaran farko: muƙami da rashin sauraro

A “Mutuwar Akawu” na 1883, wani ƙaramin ma'aikaci mai suna Cerviyakof ya yi atishawa a gidan wasan kwaikwayo, yawunsa ya sauka a sanƙon wani janar da ba ma a ma'aikatarsu yake ba. Janar ya yafe nan take, amma akawun ya yi ta komawa ba da haƙuri har mutumin ya gaji ya daka masa tsawa, shi kuwa ya koma gida ya kwanta da kayan aikinsa a jiki ya mutu. Abin lura shi ne babba bai zalunci ƙarami a wannan labari ba. Ƙaramin ne ya haɗiye tsarin muƙami har ya daina ganin kansa a matsayin mutumin da za a iya yafe wa, kuma da wannan Cekof ya kauce wa al'adar magabatansa ta nuna ƙaramin ma'aikaci a matsayin abin tausayi kawai.

Labaran 1886 zuwa 1888 sun fi wannan nauyi, kuma jigo ɗaya ne ke ratsa su, wato maganar da aka furta ba ta sami kunne ba. A “Ƙunci”, Iona Potapof, tsoho mai haya da keken doki a birnin Fitasbag, ya rasa ɗansa a makon nan, yana neman wanda zai ba labarin daga farko har ƙarshe, yadda ciwon ya kama shi da yadda ya je asibiti karɓo tufafinsa. Hafsan sojan da ya ɗauka ya yi tambaya ɗaya ya lumshe ido, samari uku suka yi ta zaginsa kan tafiyar hawainiya, mai gadin wani gida ya kore shi, wani matashin abokin sana'arsa ya ja bargo ya yi barci, daga ƙarshe tsohon ya tafi barga ya faɗa wa goɗiyarsa. Babu mugu ko ɗaya a cikin waɗannan mutane a ma'anar da aka sani, kowa sauri yake ko gajiya ta kama shi, kuma wannan ne ya sa labarin ya fi ciwo, domin bai bar wa mai karatu wani da zai ɗora wa laifin ya huta ba. “Vanka” ya bi hanya ɗaya: yaro ɗan shekara 9 da aka kai koyon ɗinkin takalma a Mosko ya rubuta wa kakansa wasiƙa yana roƙon a zo a ɗauke shi daga duka da yunwa, amma a bayan ambulan bai sa komai ba sai cewa ta kakansa ce a ƙauye da sunan tsohon, don haka mai karatu ya san abin da yaron bai sani ba, cewa wasiƙar ba za ta isa ko'ina ba. A “Jin Barci” na 1888 kuwa, Varka, 'yar raino mai shekara 13 da aka hana runtsawa dare da rana, ta shaƙe jaririn iyayengijinta ta kwanta a ƙasa ta yi barci.

Waɗannan taurari ba su da falsafar yanke ƙauna, kuma wannan muhimmin bambanci ne da Shestof bai tsaya a kansa ba. Iona bai daina neman mai sauraro ba, Vanka ya kwanta da tabbacin kakansa zai zo. Duhun da ke labaran daga mutanen da ke kewaye da su yake fitowa, kuma kowane ɗayansu yana da suna ko sana'a.

Sahalin da “Ɗaki na 6”

A Afrilun 1890 Cekof ya bar Mosko ya ratsa Saibiriya a keken doki da jirgin ruwa, tun kafin a shimfiɗa layin dogo, ya isa tsibirin Sahalin a watan Yuli, inda gwamnati ke jibge fursunoni da waɗanda aka kora. Ya yi wata uku yana bin gidaje da kurkukai yana ƙidayar jama'a, ya cike katuna kusan 10,000, ya ga an yi wa mutum bulala a gabansa, daga baya ya fitar da littafi a kan tsibirin a 1895. Kafin ya tashi ya rubuta wa Suvorin cewa Rasha ta bar miliyoyin mutane suna ruɓewa a kurkuku, kuma laifin na kowa ne, ba na gandirobobi kaɗai ba. Rayuwar marubuci ba ta zama hujja a kan ma'anar rubutunsa, kuma ya kamata a yi hattara da wannan, amma tafiyar tana haskaka labarin da ya biyo bayanta a 1892, wanda a nan ne Cekof ya sa yanke ƙauna a gaba ya feɗe shi.

A “Ɗaki na 6”, Dokta Andirei Ragin ya zo wani gari mai nisa da tashar jirgin ƙasa ya tarar da asibiti mai wari, inda wuƙaƙen tiyata biyu ne kacal, babu ma'aunin zafin jiki ko ɗaya, ana ajiye dankali a bahon wanka, ma'aikata kuma suna tatsar majinyata. Da farko ya yi aiki tuƙuru, daga baya ya sare, ya gina wa sarewar tasa dalilai masu kyan ji: mutuwa ce makomar kowa, ƙara wa ɗan kasuwa ko akawu shekara biyar ba ya sauya komai, wahala na kai mutum ga kamala, shi kuma ƙwayar zarra ne a cikin ɓarnar da zamani ya wajabta. Sai ya riƙa duba mutum biyar ko shida da safe ya koma gida ya yi ta karatu, yana kurɓar barasa lokaci lokaci, da yamma su yi hira da shugaban gidan waya kan yadda garin ba shi da masu tunani. A bayan asibitin akwai wani gini da aka kulle mahaukata biyar a ɗakinsa na 6, a hannun Nikita, tsohon soja da ya yi imani cewa ba a samun tsari sai da duka, kuma Ragin ya san da haka.

Tsarin labarin ya juya ne lokacin da Ragin ya fara shiga ɗakin yana hira da Ivan Gromof, tsohon ma'aikacin kotu da ke fama da ciwon tsoron za a kama shi. Ragin ya kawo masa koyarwar masu falsafar dauriya na tsohuwar Girka da Rum, irin su sarki Markus Oreliyus, wadda ke cewa kwanciyar rai a cikin mutum take, don haka ofis mai ɗumi da ɗakin mahaukata duk ɗaya ne ga mai hankali. Gromof ya tambaye shi ko an taɓa dukansa, ko ya taɓa shan wahala, sannan ya faɗa masa a fili cewa wannan falsafa ta dace da malalacin da bai taɓa shan wuya ba, kuma ranar da ƙofa ta matse masa yatsa zai kurma ihu. A nan Cekof ya sa hujja mafi ƙarfi a bakin wanda hukuma ta ce ba shi da hankali, ya bar likitan da kalmomi masu santsi da ba su tsinana wa kowa komai ba.

Yawan zuwan Ragin ɗakin ya sa aka fara raɗe-raɗin ya taɓu, mataimakinsa Hobotof, wanda ke kwaɗayin kujerarsa, ya hura wutar, aka sauke shi ba fansho, abokinsa na gidan waya ya ranci rubul 500 bai biya ba, daga ƙarshe aka yaudare shi da sunan ya zo duba wani majinyaci aka kulle shi. Da ya nemi fita Nikita ya naushe shi, kuma a cikin raɗaɗin ne, jiki magayi, ya gane cewa mutanen nan sun sha irin wannan kullum tsawon shekaru, shi kuwa ya yi fiye da shekara 20 bai sani ba kuma bai so ya sani ba. Washegari bugun jini ya kashe shi. Labarin bai gyara komai ba, Nikita na nan, ɗakin na nan, kuma Gromof mai gaskiya yana kulle, saboda haka mai neman duhu zai same shi. Sai dai sarƙar dalili da sakamako a bayyane take: ra'ayin Ragin ne ya tsare Nikita a kan aikinsa, kuma dukan da majinyata suka sha farashin kwanciyar ran likitansu ne. Manazarta da dama sun ga labarin a matsayin rabuwar Cekof da koyarwar marubuci Tolstoi ta ƙin tunkarar mugunta da ƙarfi, kuma wasiƙar Cekof ta 1894 ta ƙarfafa wannan, inda ya ce koyarwar ta riƙe shi shekara shida ko bakwai ta sake shi, kuma yanzu yana ganin lantarki da injin tururi sun fi ƙaurace wa nama nuna ƙaunar mutane. A shekarar da labarin ya fito yana aikin yaƙi da kwalara ba albashi a yankin Melihovo, inda daga baya ya gina makarantu uku.

Wa'azin da bai sami masu ji ba

Da Cekof ya tsaya a nan da an ce ya maye yanke ƙauna da wa'azi, amma labarinsa na 1898 mai ɗauke da sunan wani ƙaramin ɗan itace mai tsami da ake shukawa a lambunan Rasha ya nuna bai amince da wa'azin ba shi ma. Ivan Ivanic, likitan dabbobi, ya ba da labarin ƙaninsa Nikolai, wanda ya yi ta ƙwauro shekara da shekaru, ya auri bazawara mai kuɗi ya hana ta ƙoshi har ta mutu, don ya mallaki gona ya ci 'ya'yan itacen da ya shuka, kuma da suka nuna masu tauri da tsami ya ci yana santi. Daga nan Ivan ya yi jawabin da aka fi ambato daga Cekof, cewa jin daɗin masu jin daɗi ya dogara ne a kan shirun masu wahala, kuma ya kamata a ce akwai mai guduma a ƙofar kowane mai wadata yana ƙwanƙwasawa don tunatar da shi. Mutane da yawa kan ciro jawabin su ce muryar marubucin ce, su manta da inda aka yi shi: a falo mai ɗumi, bayan wanka da shayi, a gaban mutum biyu da labarin ya gundure su, ɗaya barci yake ji saboda tun asuba yake aikin gona, mai jawabin kuma ya ce shi ya tsufa, wasu ne za su yi. Maganar gaskiya ce, amma mai yin ta ɗan'uwan Ragin ne ta wata fuska, tunda shi ma furuci ya ɗauke masa nauyin aiki.

Marubuci Ivan Bunin ya ruwaito cewa Cekof yakan ƙi laƙabin mai yanke ƙauna ta hanyar nuna cewa “Ɗalibi” na 1894 ne labarin da ya fi so. A cikinsa ɗalibin makarantar limaman coci, wanda sanyi da talauci suka sa yake tunanin shekara dubu ma ba za ta sauya komai ba, ya tsaya a wutar wasu zawarawa biyu, uwa da 'ya, ya ba su labarin yadda Bitrus ya musanta sanin Yesu, uwar ta fashe da kuka, shi kuma ya tafi da murnar cewa gaskiya da kyau sun haɗa da da yanzu. Wannan shi ne kishiyar “Ƙunci”, domin an yi magana an kuma ji. Amma mai ba da labarin ya tunatar cewa shekarar ɗalibin 22 kacal, ya kuma gabatar da murnar a matsayin abin da ya bayyana gare shi, don haka dogaro da labarin wajen wanke Cekof daga zargi yana da iyaka.

“A Cikin Kwari”

Hujjar Shestof ta fi ƙarfi a wannan labari na 1900, kuma adalci ya wajabta a faɗi haka. Ƙauyen Ukleyevo yana cikin kwari, masana'antun yadi da majema sun gurɓata koginsa, gidan Girigori Tsibukin kuma yana sayar wa talakawa ruɓaɓɓen nama da barasa a ɓoye, yayin da matarsa Varvara ke rabon sadaka daga ribar, abin da ke sanyaya zukatan 'yan gidan ba tare da ya taɓa cinikin ba. Babban ɗansa Anisim, ɗan sandan ciki, ya auri Lipa, 'yar talaka mai aikin ƙodago, aka kama shi da buga jabun kuɗi. Da tsohon ya yi wasiyyar wani fili ga jaririn Lipa, sai Aksinya, matar ƙaramin ɗansa, wadda ta riga ta kafa masana'antar bulo a filin, ta kamfaci tafasasshen ruwa ta sheƙa wa jaririn. Yaron ya mutu a asibiti, uwar ta ɗauko gawarsa da ƙafa cikin dare, a wurin zaman makoki limamin coci ya ba ta haƙuri yana cin abinci, sannan Aksinya ta kore ta daga gidan. Bayan shekara uku Aksinya ce mai faɗa a ji a yankin, tsohon yana yawo da yunwa, Lipa kuma, wadda ke lodin bulo a tasha, ita ce ta miƙa masa abinci da suka haɗu a hanya.

Babu Ragin a nan da za a ce falsafarsa ce ta jawo ɓarna, kuma kirkin Lipa bai sauya komai a zaman ƙauyen ba, hasali ma rashin iya kare kanta na cikin abin da ya ba Aksinya dama. Duk da haka, karatun Shestof, wanda ya mai da komai ƙaddarar da ba ta da fuska, ya tsallake lissafin da Cekof ya yi dalla-dalla na wanda doka ta kama da wanda ta ƙyale. Anisim ya taɓa kuɗin sarki, aka yanke masa shekara 6 da aiki mai tsanani a Saibiriya. Aksinya ta kashe ɗan talaka a cikin gida cike da mutane, ko tambayarta ba a yi ba. Tun a shafukan farko labarin ya bayyana yadda hakan ke yiwuwa, inda ya ambaci majemar da hukuma ta ba da umarnin rufewa saboda shanun talakawa na kamuwa da cuta daga ƙazantarta, amma ta ci gaba da aiki a ɓoye da sanin jami'in 'yan sandan yankin da likitan gunduma, waɗanda mai majemar ke biyan kowannensu rubul 10 a wata.